Amsa ga mai tambayar MIT ko GPL

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da kake tsoro ni ya riga ya same ni. Ka ce ka gama fulogin ɗinka na amsa-kuwwa, wato ƙaramar manhajar da ake jonawa da manhajar haɗa kiɗa, kana son ɗora kod ɗin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, amma kana fargabar wani ya kwashe ya sayar, shin wane lasisi za ka sa masa cikin lasisin buɗaɗɗen kod guda biyu, MIT ko GPL.

Ni matacin sauti na rubuta, na sa masa MIT don kowa ya amfana. Watanni ina zaune da shi cikin dare bayan an tashi aiki, ina daidaita shi don kada ya tsaga kunne idan an murɗa shi har ƙarshe. Kwatsam wani ya turo mini bidiyon tallar wani fulogin na kuɗi. Wallahi daga jin sautin na gane abina. Har ɗan rawar da na bari da gangan a can ƙasa tana nan daram. Sun canza masa fuska da suna, sunana kuwa babu shi ko a fayil ɗaya. Na rubuta musu, shiru. Da suka ga dama suka amsa da layi guda, wai lasisi ya ba su dama. Sayarwa da rufe kod, e, MIT ta yarda. Amma sharaɗinta guda ne tak, a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a cikin kowane kwafi, kuma shi suka share. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Sun gyara wata matsala a kod ɗin, gyaran bai taɓa dawowa ga mutanen da ke amfani da nawa kyauta ba. Na daɗe ban iya buɗe wannan aikin ba.

To ka sani, GPL ma ba ta hana sayarwa. Abin da take yi shi ne, duk wanda ya rarraba manhaja mai kod ɗinka a ciki, dole ya ba da nasa kod ɗin a ƙarƙashin GPL. Masu son kwasa su rufe ba sa kusantarta. Fulogin na ƙirƙirar sauti irin su Surge XT da Dexed da Vital duk a kanta suke, kuma ka ga yadda jama'a suka rungumi Surge. Idan zuciyarka irin tawa ce, GPLv3, wato sigar GPL ta uku, za ka ɗauka. Akwai masu sakin komai a MIT da farin ciki, kamar Chris Johnson mai fulogin na Airwindows, ina girmama shi ƙwarai, amma ka tambayi kanka ko za ka iya jure ganin aikinka da sunan wani kamfani a fuskarsa.

Ba ka faɗi da me ka gina shi ba. In JUCE 8 ne, kayan aikin gina fulogin, ɓangarensa na buɗe yana kan lasisin AGPLv3, dangin GPL, sai ka duba kafin ka zaɓa. Kada ka kuskura ka ɗora fayilolin VST2, tsohon tsarin fulogin na kamfanin Steinberg, domin Steinberg ta daina ba da lasisinsu tun 2018. Tsarin fulogin na CLAP, wanda kamfanonin Bitwig da u-he suka fitar a 2022, MIT ne, ba ya kawo ciwon kai.

Don Allah kuma kada ka bar shi babu lasisi da sunan kyauta, a doka hakan na nufin ba wanda ka ba izini, mutanen kirki ne za su ja baya. Samfuran sauti da saitunan da ka haɗa su ma ka rubuta musu nasu sharaɗin daban. Ka yanke shawara kafin wani ya turo maka gyara na farko, domin da zarar kod ɗin wasu ya shiga a GPL, ba ka iya sauya lasisi sai kowannensu ya yarda. Ka sa sunanka da shekara a saman kowane fayil.