Tambaya da Amsa: Nawa ya kamata in taya tsohon jirgin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mazaunin Yauri ne, na ɗan tara kuɗi ina so in sayi jirgin katako na hannu in ba ƙanena ya riƙa ɗaukar kaya da fasinja ranakun kasuwa. An nuna min wani da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, mai shi ya ce shekararsa huɗu a ruwa kuma kuɗi ɗaya ya yanka wai jirgi da inji a haɗe, ni kuma wallahi ban san kan abin ba, ina tsoron a yi min sakiyar da ba ruwa. Ta yaya zan gane kuɗin da ya dace?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a nema. Toh abu na farko kar ka yarda da kuɗin nan na haɗe. Ciniki biyu ne a gabanka, jikin jirgi daban inji daban, don katako kullum faɗuwa darajarsa take yi amma inji da yake daga ƙasar waje ake shigo da shi tun da naira ta karye a 2023 sai ka ga tsoho ana neman kuɗin da ya fi wanda aka saye shi sabo, idan aka haɗe maka su ba za ka taɓa gane wanne ne aka tsuga wa kuɗi ba.

Fara da jikin. Ka je wajen masu ƙera jirgi nan bakin ruwa ka tambaye su, yau yau ɗin nan idan za a yi maka sabo mai wannan tsawo da faɗi nawa zai ci, katako da ƙusa da kwalta da kuɗin aiki, sannan ka tambaye su irin wannan katakon shekara nawa yake yi kafin ya gaji. A ce misali sun ce takwas, naka ya ci huɗu, kaga rabin kuɗin sabo kenan, daga nan kuma sai ka cire kuɗin duk gyaran da idonka ya gani. Ka tambayi wane ice ne, maɗaci da kawo suna jure ruwa, farin katako mai araha kuwa da wuri yake ruɓewa ko da fenti ya sha.

Kuma don Allah kar ka yi cinikin biri a sama. Jirgin da yake cikin ruwa rabinsa kawai kake gani, sai an jawo shi tudu an kifa shi ko an karkata shi. Ka tafi da ƙusa babba ko sukudireba ka riƙa dannawa a gindin jirgin da wajen haƙarƙarinsa da kuma allon baya inda ake ɗaura inji, katako mai lafiya zai ƙi, ruɓaɓɓe kuwa ƙusar za ta shige kamar ka soka a dafaffen rogo. Allon bayan nan ka tsaya a kansa sosai don shi yake ɗaukar nauyi da girgizar inji. Duk inda ka ga facin langa-langa ka ce a faɗa maka me ya faru a wurin, tun da aka tare ruwan Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi da jirage ke hawa, faci ɗaya ko biyu ba komai ba ne amma idan sun yi layi a katako guda to wannan katakon canji yake so. Sabon fenti ko sabuwar kwalta a jirgin da za a sayar ni ba ya burge ni, sai ma ya sa in ƙara dubawa.

Bayan nan a mayar da shi ruwa, da yamma a kwarfe ruwan ciki tas, ka dawo da sassafe ka ga nawa ya tara. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsa, kuma wanda ya daɗe a tudu sai ya kwana biyu a ruwa kafin katakon ya kumbura ya toshe, amma idan ka tarar ruwa ya kai idon sawu ka san akwai magana. A kuma loda masa buhuna a zagaya da kai a ciki.

Inji kuwa ka nemo makanikenka, ba na mai jirgi ba. Ka ce kar a tayar kafin ku zo, ka taɓa shi da hannu ka ji da sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A ja igiya a gani bugu nawa zai tashi, a duba yana fitar da ruwan nan siriri mai sanyaya inji ta baya ko babu, a kwance fulogi a gani, a buɗe man giya na ƙasa, idan ya fito fari kamar madara ruwa na shiga ciki kuma gyaran ba ƙaramin kuɗi ba ne. A duba farfela ko ta lanƙwashe. Sai ka tambayi kuɗin irinsa na hannu wajen mutum biyu ko uku masu sayar da inji ka ɗauki tsakiya. Ka kuma lissafa mai, doki 40 yana sha sosai kuma ka san yadda fetur ya koma tun cire tallafi, idan jirgin bai kai girman da zai buƙace shi ba gara ka sayi jikin kaɗai ka nemi 25 ko 15.

Lambar da ke jikin injin ta dace da ta rasit, idan babu rasit a yi cinikin gaban Sarkin Ruwa da shaidu a rubuta, ana satar inji sosai. Cikin kuɗinka ka ware na rajistar NIWA, wato hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, da rigunan ceto, ka kuma tambayi maƙeran adadin mutanen da jirgin zai ɗauka ka ja wa ƙanenka kunne a kai, har yau ba mu manta jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 da mutum fiye da 100 a ciki ba.

Idan ka haɗa lissafin biyu sai ka taya ƙasa da shi kaɗan don ka samu wurin hawa, kuma ku yi maganar la'adar dillali tun kafin a ce an sallama.