Ina so in goge tsohuwar wayata tas kafin in ba ƙanina, ya ake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da wata tsohuwar Samsung mai maɓalli a tsakiya, ta yi nauyi sosai, komai na taɓa sai ta daɗe kafin ta buɗe. Ina so in mayar da ita kamar sabuwa in ba ƙanina amma ina tsoron kar in lalata ta.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, gogewar ba ta lalata waya, abin da ke sa mutane kuka shi ne abin da ba su yi ba kafin su danna.

Na farko dai ki kwashe kayanki, domin wannan gogewar ba ta barin hoto ko lamba ko saƙo, duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wayar tafiya zai yi. Lambobi ki tura su asusunki na Google, hotuna ki juye su a kwamfuta ko a memori, WhatsApp kuma ki shiga setin ɗinsa ki ajiye hirarrakinki a Google Drive. Sai ki cire sim da memorin gaba ɗaya ki ajiye gefe, sannan ki sa ta caji ya wuce rabi, don waya ta mutu a tsakiyar gogewa ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. Tun daga Android 5.1 da ya fito a 2015 Google suka saka wani makulli saboda ɓarayi, idan aka goge waya ta bayan gida, wato ba ta cikin Settings ba, alhali asusun mai ita na ciki, da ta tashi sai ta tsaya cak ta ce sai an sa imel da kalmar sirrin asusun da ke kanta a da, kin ga kenan ƙaninki zai riƙe waya a hannu ba abin da zai iya yi da ita, ke kuma wataƙila kin manta kalmar tun tuni tunda shekaru ba ki rubuta ta ba. Don haka ki shiga Settings, ki nemi Accounts, ki cire asusun Google da na Samsung da hannunki tukuna. Ni ko wayar ta girmi 5.1 haka nake ba da shawara a yi.

Gogewar kanta ba wuya. Settings, sai Backup and reset, sai Factory data reset, ta tambaye ki lambar kulle allo ki sa, ki tabbatar. Za ta mutu ta tashi da kanta, tashin farko yakan ɗan daɗe a kan tambarin Samsung, kar ki cire batir, ki ƙyale ta.

Idan kuma ta ƙi buɗewa sam, ki kashe ta ki danne maɓallin ƙara sauti da na tsakiya da na kunnawa lokaci guda har wani baƙin allo mai ƙananan rubutu ya fito, a nan taɓa allo ba ya aiki, da maɓallin sauti za ki sauka kan wipe data/factory reset ki zaɓa da na kunnawa. Amma fa wannan hanyar ita ce ke tayar da makullin da na faɗa, sai in kin tabbata kina tune da kalmar sirrinki.

Wani abu kuma, tsofaffin wayoyin da suka zo kafin Android 6 galibi ba a kulle bayanansu da sirri ba, mai wayo zai iya tono wasu hotuna ko bayan gogewa. In da sayarwa za ki yi zan ce ki fara shiga Security ki danna Encrypt phone sannan ki goge.

Maganar nauyi kuwa, za ta ɗan saki in tarkacen manhajoji ne suka cika ta, amma in RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take gudanar da manhajoji da ita, 1GB ne to da ƙaninki ya loda Facebook da TikTok za ta koma 'yar gidan jiya, ki ce masa ya sa Facebook Lite ya haƙura da sauran.