Idan an cire matsarmama, abinci zai narke kuwa?

'Yar'uwa, kin ce hoton ciki ya nuna tsakuwa a matsarmamarki, likita ya ambaci tiyata, kina tsoron abinci ya daina narkewa. Kwantar da hankalinki.

Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke taimakawa wajen narkar da kitse, fiye da rabin lita kullum. Matsarmama ma'ajiya ce a ƙarƙashin hanta, ɓangaren dama, mai ɗaukar kamar mililita 50. Tana tsotse ruwan ya yi kauri, idan maiƙo ya shiga ƙaramin hanji sai ta matse ta zuba shi, ya farfasa kitsen. Shi ya sa idan akwai tsakuwa, ciwo ke tashi bayan cin soye-soye, har ya harba kafaɗar dama.

Bayan tiyata ruwan zai riƙa gangarawa hanji kai tsaye, don haka abinci zai ci gaba da narkewa. Wasu kan yi gudawa na ɗan lokaci, sai a rage maiƙo.

Da yawa suna ɗaukar ciwon a matsayin olsa, su yi ta shan magani. Man zaitun da lemon tsami kuma ba sa fitar da tsakuwa. Masu sikila su kula, tana yawan kama su.

Idan ciwon ya ɗauki awanni, ko zazzaɓi da amai suka biyo, ko ido ya yi rawaya, a tafi asibiti nan take.