Maigidana Ya Kawo Abin Wasan Dubura, Ina Tsoron Illa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti Nas. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 31, 'ya'yana biyu. Maigidana ya dawo daga tafiya da wani abin roba da ake sawa a dubura, ya ce mu gwada. Ban taɓa yi ba. Gaskiya ba ƙyama kaɗai nake ji ba, akwai son sani, amma tsoro ya fi yawa. Zai ji min ciwo? Zai iya jawo min basir? Don Allah a sakaya sunana.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sunanki yana nan a rufe.

Bari in fara da abin da ba fannina ba. Malamanmu sun haramta saduwa ta dubura, kuma na san kin san haka. Hukuncin wannan abin da maigida ya kawo kuwa, ki kai shi gaban malama ko malamin da kika amince da shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na sha ganin abin da rashin sani yake yi wa mutane a wannan wurin, shi ya sa zan amsa miki dalla-dalla. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ce a'a, kuma a'ar taki ta wadatar. Jikin da ke cikin tsoro ɗaurewa yake yi, tsokar da ta ɗaure kuma ita ce ke tsagewa.

Dubura ba farji ba ce. Farji yana jiƙa kansa, yana da kauri, kuma bakin mahaifa ya tare ƙarshensa, don haka abin da ya shiga ba shi da wajen wucewa. Dubura ba ta fitar da ruwan santsi, fatar cikinta siririya ce, kuma hanya ce a buɗe. Mashigarta ba ta wuce santimita 4 ba, sai wajen taruwar bayan gida mai kimanin santimita 12 zuwa 15, daga nan sai babban hanji. Zoben tsoka biyu ne ke tsaron ƙofar: na waje kina iya matse shi ko sake shi da kanki, na ciki kuwa ba ya jin umarninki. Da zarar abu ya wuce shi gaba ɗaya, sai ya rufe a bayansa, abin ya yi sama.

Saboda haka ki ɗauko abin nan ki duba ƙarshensa. In ba shi da tushe mai faɗi, wanda ya fi sauran jikinsa faɗi sosai har ba zai yiwu ya shige ba, to kada ya kusanci jikinki, ko nawa aka saye shi. Haka ma kwalba, kyandir, kokwamba, karas, kwalbar turare da abin wasan da aka yi don farji. Na taɓa karɓar wani magidanci a wani asibiti, kwana uku abu na cikinsa kunya ta hana shi zuwa. Da ya zo ranar farko, da wataƙila an cire shi ta ƙasa. Sai da aka buɗe cikinsa. Har yau ina tuna fuskar matarsa a bakin ɗakin tiyata.

Sai ki duba da me aka yi shi. Silikon zalla, ƙarfe mara tsatsa da gilashi mai tauri da aka yi don wannan aikin su ne masu wankuwa tsaf. Roba mai laushi mai danƙo, mai warin sabuwar taya, tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta suna ɓuya a ciki ko an wanke. In irinta ce, a saka mata kwaroron roba kowane lokaci, ko mafi kyau a jefar. Ga mai farawa, kauri kada ya wuce na yatsa ɗaya zuwa ɗan sama da haka, kamar santimita 2, mai tsini a gaba, mara kaushi ko tsaga.

Man santsi dole ne, kuma da yawa. Ki nemi na ruwa a kemis, irin K-Y Jelly. Yana bushewa, sai a ƙara. Man kaɗe, man kwakwa da Vaseline suna cinye kwaroron roba har ya fashe, man santsi na silikon kuma yana lalata abin wasan silikon. Yawu bai isa ba. Abin da na fi tsananta hanawa shi ne man kashe zafi, da shan tramadol ko wani abu mai gusar da hankali kafin a fara. Zafi shi ne mai gadinki. Can ciki ma jijiyoyin jin zafi kaɗan ne, mutum na iya yin rauni bai sani ba, to ina ga an kashe ɗan abin da ya rage?

Ki yi bayan gida tukuna, ki wanke waje da ruwa, ya isa. Na san a zangonmu bentuwa, wato ɗura ruwa ta dubura don wanke ciki, ba baƙon abu ba ne, amma kada ki yi ta da citta, barkono ko sabulu kafin wannan, tana ƙona fatar ciki ta bar ta a buɗe ga cuta. Kayan mata ma ba na nan ba ne. A fara da yatsa mai yankakken farce. Abin ya kasance a hannunki, ba a hannun maigida ba, domin ke ce mai jin abin da ke faruwa. Ki ja numfashi, ki dakata a bakin ƙofa har tsokar ta saki da kanta. Jin cika ko nauyi ba matsala ba ne, amma zafi mai suka yana nufin a tsaya nan take. Farkon yi, 'yan mintuna kawai, kuma kada ki yi barci da shi.

Duk abin da ya shiga dubura, yatsa ne ko roba, kada ya koma farji sai an wanke ko an sake kwaroro, don ƙwayoyin hanji suna jawo ciwon mara da ciwon fitsari. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu kafin da bayan amfani, silikon mara batir ana iya tafasa shi minti 5. Ba a aronsa, ciwon hanta da cututtukan sanyi suna bin sa.

Batun basir: yin a hankali da isasshen mai ba shi ne ke haifar da shi ba, amma yana tayar da wanda ke akwai, kuma mata da yawa haihuwa takan bar musu shi. In kina ganin jini ko jin zafi wajen bayan gida, ko tsiro ya fito, ki jingine maganar nan har likita ya duba ki.

Idan abu ya maƙale, kada ki bi shi da cokali ko wani ƙarfe, kada ki sha maganin gudawa. Ki daina ci da sha, saboda ana iya buƙatar sa ki barci, ki tafi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye a ranar. Haka kuma in jini ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura yana ciwo, ko zazzaɓi ya biyo baya, don alamun hujewar hanji ke nan. In babu mota ki kira lambar gaggawa, 112. Ki gaya wa likita ainihin abin da ya shiga da lokacin da ya shiga, domin wasu robobin ba sa fitowa sosai a hoton ciki.