Amsa ga mai tambaya kan maɓallin O/D da ke jikin giya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi Corolla 'yar Kwatano mai otomatik, ka ga wani ɗan maɓalli a jikin sandar giya, in ka danna shi sai wuta ta kama a dashbod da rubutun O/D OFF (O/D na nufin overdrive, wato giya ta sama), kuma wani ya ce maka wai shi ne ke ƙara wa mota gudu. Allah ya sanya alheri da motar. Amma wanda ya faɗa maka haka ya juya maganar.

In wutar nan tana ci, to ka kashe O/D ne, ba kunna shi ka yi ba. Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ni kaina na taɓa tafiya daga Kano har Kaduna da wutar a kunne, lokacin da na sayi Camry ɗina ta farko, ina jin inji na gurnani ina cewa ai ƙarfi ne. Sai da na tsaya shan mai na ga ɓarnar da na yi.

Motoci irin taka giya huɗu gare su. A giya ta uku, yadda inji ke juyawa haka abin da ke fita daga giyabos ke juyawa, ɗaya da ɗaya. Ta huɗun ita ce O/D: inji ya yi juyi kusan 0.7, giyabos ya fitar da juyi ɗaya cikakke. Shi ya sa in kana kan kilomita 100 a awa a titi miƙaƙƙe, allurar da ke nuna juyin inji a minti za ta zauna wajen 2,500, amma da ka danna maɓallin ta haura kusan 3,500. Gudu ɗaya, mai kuwa ya fi ƙonewa. Maɓallin ba ya ƙara wa inji komai, hana motar shiga ta huɗu kawai yake yi. A mota mai kulochi, giya ta biyar ce ke wannan aikin.

Don haka a tafiyar yau da kullum ka bar wutar a mace. Har cikin gari. Wasu bakanikai na cewa a kashe O/D a cunkoso, ni ban ga amfanin hakan ba, domin a wannan gudun motar ba ta ma isa ta huɗun ba.

Inda nake danna shi kuwa shi ne hawa da gangara. In ka taɓa bin Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga za ka gane. Wajen hawa, musamman mota cike da iyali da buhuna a but, za ka ji tana shiga ta huɗu, ƙarfi ya gaza, ta dawo ta uku, ta sake komawa. Wannan kai-komon ne ke dafa man giya, kuma zafi shi ne ajalin giyabos. Ka danna, ta zauna a ta uku har ka gama hawan. Gangarar ma ta fi ba ni tsoro. Wata shekara na sauko da ƙafata a kan birki tun daga sama, kafin in kai ƙasa wari ya cika motar, birkin ya yi laushi kamar na taka soso. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar, in zan sauka doguwar gangara sai in kashe O/D inji ya riƙe motar, in ta yi tsanani in sauko zuwa 2, birki kuma ina taɓa shi jefi-jefi. Haka nan in za ka ja wata motar da ta lalace.

Wajen wuce tirela ba dole ba ne, in ka taka totur sosai da kanta za ta sauko giya. Ana iya danna shi mota na tafiya, sai dai kada ka yi hakan kana sheƙa gudu.

Abu biyu ka lura da su. In wutar O/D OFF ta fara ƙiftawa da kanta, ba maɓallin ba ne, kwamfutar motar ce ke sanar da matsala a giya, sai a jona na'ura a karanta. Sannan Toyota ba ta shiga ta huɗu sai inji ya ɗumama. Masu cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan ƙasarmu akwai zafi su ne ke shan mamaki da asubar hunturu, mota ta yi ta tafiya a ta uku. Ka sa a duba maka ko tamostat ɗin motarka na nan.