Aikin sa-kai a gonar ƙasar waje: shin bizar yawon buɗe ido ta wadatar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin aikin gona, ina shekara ta uku a jami'a, kuma na daɗe ina sha'awar ganin yadda ake noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi a ƙasashen Turai. Wani dillalin tafiye-tafiye ya ce zai samo mini gonar da zan yi aikin sa-kai a dogon hutun nan, a ba ni abinci da makwanci. Ya ce tunda ba albashi za a biya ni ba, bizar yawon buɗe ido ta wadatar, kada ma in ambaci gonar a ofishin jakadanci, kuma idan na yi ƙoƙari mai gonar zai riƙe ni ya yi mini takardun zama. Mahaifina ya yarda zai biya, amma hankalina bai kwanta ba, domin kuɗin ba kaɗan ba ne a wurinsa, kuma ina tsoron in jawo masa asara. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan rashin kwanciyar hankali da kake ji yana kan hanya, kuma ina roƙon kada mahaifinka ya saki ko sisi sai ka karanta masa wannan amsa har ƙarshenta.

Tsarin da dillalin ya faɗa maka akwai shi, ba ƙirƙira ba ce. Mafi shahara a cikinsa shi ne WWOOF, wanda wata ma'aikaciyar ofis a birnin Landan, Sue Coppard, ta fara a shekarar 1971, lokacin da ta shirya wa wasu mazauna birni zuwa taya aiki na ƙarshen mako a gonar Kwalejin Emerson da ke yankin Sussex na Ingila. Yau tsarin ya bazu a ƙasashe da dama, kuma akwai makamantansa irin su Workaway da HelpX. Yadda ake yi shi ne mutum ya shiga shafinsu na intanet da kansa, ya biya ɗan kuɗin rajista na shekara, ya duba jerin gonaki, ya rubuta wa manomin da ya yi masa, su daidaita a kan lokaci. Galibi ana taya aiki na awa 4 zuwa 6 a rana a madadin abinci da wurin kwana, kuma kuɗi ba ya shiga tsakani. Babu gurbin dillali a ko'ina cikin wannan tsari, kuma waɗannan ƙungiyoyi ba sa bayar da biza, ba sa kuma tsaya wa kowa a ofishin jakadanci. Duk wanda ya karɓi kuɗi mai yawa domin ya samo maka gona, abin da za ka iya yi da wayarka a yini ɗaya yake sayar maka.

Amma asarar kuɗin dillali ita ce ƙaramar musiba a cikin abin da ka kawo. Babbar ita ce wannan magana ta cewa tunda ba albashi, ba aiki ba ne. Babu makon da ba na jin ta daga bakin ɗalibai da iyayensu, har ma daga bakin mutanen da ya kamata a ce sun fi haka sani, kuma ta jefa matasa masu kyakkyawar niyya cikin halin da sai sun shekara goma suna fama da shi. Hukumomin shige da fice ba sa auna aiki da takardar kuɗin da aka miƙa maka a ƙarshen wata. Abin da suke tambaya shi ne: shin ka yi wa wani hidimar da a ƙa'ida ɗan ƙasa za a ɗauka a biya shi ya yi, kuma shin ka sami wani abu a madadinta? Gadon da ka kwana a kai da abincin da aka zuba maka sau uku a rana suna da daraja ta kuɗi, don haka a idon dokar ƙasashe da yawa lada ne. Idan ka tashi da sassafe ka cire ciyawa a kunyoyin kabeji, ka tura baro cike da taki, ka jera tumatir a akwatin da za a kai kasuwa a sayar, sa'an nan ka ci ka kwana ba ka biya ba, to ka yi aiki an biya ka, ko da kuwa kai da mai gonar kun kira abin zumunci.

Ƙasar Niyu Zilan ta faɗi wannan ƙarara: wanda ya yi hidima a madadin makwanci ko abinci ma'aikaci ne, kuma sai da bizar da ta ba shi izinin aiki. A Birtaniya, wanda ya shiga da bizar baƙunci yana iya yin aikin sa-kai ne kawai idan bai wuce kwana 30 ba, kuma ya kasance a ƙarƙashin ƙungiyar agaji mai rajista da hukumar da ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi, alhali mafi yawan gonakin da ake magana a kai na iyalai ne masu noma domin su sayar. A Amurka ma abinci da makwanci a madadin aiki lada ne. A farkon shekarar 2025 an tsare wata matashiya 'yar Birtaniya kusan makonni uku a wurin tsare baƙin haure na Amurka, bayan jami'ai sun gano cewa tana taya ayyukan gida a wuraren da take sauka a madadin makwanci. Wannan fa mai fasfon Birtaniya ce, wadda ƙasarta ke da ƙarfin bin kadinta, kuma jaridun duniya suka ɗauki labarinta. Ka auna abin da zai sami ɗalibin da babu wanda zai ji ɗuriyarsa.

A Turai da kake son zuwa, bizar Shengen ta gajeren zama, wato bizar bai ɗaya ta ƙungiyar ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, tana ba ka damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma ita kanta ba izinin aiki ba ce. Kowace ƙasa a cikin ƙungiyar ita ke yanke abin da ta ɗauka aiki da abin da ta ɗauka ziyara, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. A Faransa, alal misali, masu binciken ƙwadago suna iya ɗaukar irin wannan zama a matsayin ɓoyayyen aiki idan suka tarar an ƙayyade wa baƙo lokaci ana kuma ba shi umarni kamar ɗan ƙwadago. Na san za a ce maka dubban matasa suna yin wannan kowace bazara babu abin da ya same su. Gaskiya ne, sai dai mafi yawansu 'yan Tarayyar Turai ne masu 'yancin yin aiki a kowace ƙasa ta tarayyar, ko kuma masu riƙe da bizar hutu da aiki, wadda ƙasashe irin su Ostareliya da Niyu Zilan da Kanada ke bai wa matasan ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da su kawai. Wanda fasfonsa ba ya cikin wannan jeri, labarinsu ba nasa ba ne, kuma dillalin da yake nuna maka hotunansu suna murmushi da kwandon kayan lambu ya san haka sarai.

Sai kuma shawarar da ta fi ɓata mini rai, wato ka ɓoye gonar a ofishin jakadanci. A nan dillalin ya fitar da kai daga kuskure ya shigar da kai cikin laifi. Wanda ya faɗi gaskiya aka hana shi biza ya yi asarar kuɗin nema, kuma yana iya sake nema gobe da fuskarsa a wanke. Wanda ya yi ƙarya aka kama shi, a Birtaniya yana iya fuskantar haramcin shiga na shekara 10, a Amurka kuwa yaudara wajen neman biza tana iya rufe wa mutum ƙofa har ƙarshen rayuwarsa. Ƙasashen Shengen suna da rumbun bayanai guda, abin da ɗaya ta rubuta a kanka sauran suna gani. Kama ƙaryar kuma ba wuya gare ta ba. Jami'in da ke filin jirgin sama zai tambaye ka inda za ka sauka, ya nemi shaidar otal, ya tambayi nawa ke hannunka, sa'an nan ya kalli ɗalibin da ya ce zai yi yawon buɗe ido na wata biyu da kuɗin da ba zai kai shi mako biyu ba. Idan aka kai ka ɗakin ƙarin bincike aka buɗe jakarka, ga takalmin roba da safar hannu ta aiki, ga kuma saƙon mai gona a wayarka yana cewa girbi ya kama, a zo da wuri. A wannan sa'a dillalin yana gidansa, ba sunansa ne a kan takardar da ka sa wa hannu ba. Kai ɗalibin aikin gona ne, nan da shekaru kaɗan za ka nemi gurbin digiri na biyu ko taron bita a waje, kuma takardun neman biza suna tambayar ko an taɓa hana ka biza ko an taɓa mayar da kai daga kan iyaka. Hutun wata biyu bai kai a sayar masa da wannan ba.

Alkawarin cewa mai gona zai riƙe ka ya yi maka takardu shi ma ba shi da tushe. Ƙananan gonakin da ke karɓar 'yan sa-kai suna yin haka ne, a wani ɓangare, domin ba su da ƙarfin ɗaukar ma'aikata, kuma a mafi yawan ƙasashe ba a juya bizar baƙunci ta koma ta aiki daga cikin ƙasa. Abin da irin wannan alkawari yake haifarwa shi ne matashi ya zarce kwanakin bizarsa yana jira, ya wayi gari ba shi da takarda, daga nan ya faɗa hannun masu tara ma'aikata ta bayan fage. A kudancin Italiya, a gonakin tumatir na yankin Fojiya, wannan zalunci ya yi ƙamarin da sai da aka kafa doka ta musamman a kansa a shekarar 2016. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa riƙe wa ma'aikaci takardun shaidarsa, da ɗaure shi da bashi, da killace shi daga jama'a a cikin alamomin aikin tilas. Saboda haka duk inda ka je, ko ta wace hanya, fasfonka kada ya bar hannunka, kuma wanda ya ce ka ba shi ya ajiye maka, a ranar za ka bar wurinsa.

Ban faɗi wannan domin in kashe maka gwiwa ba, domin burinka mai kyau ne, kuma ɗalibin da ya ga yadda ake haɗa takin gargajiya a juya shi har ya nuna, da yadda ake sauya shuka a fili domin a karya lagon ƙwari, da irin haƙurin da manomi ke yi na shekara 2 zuwa 3 kafin hukuma ta amince gonarsa ta zama marar sinadari, ya ƙaru da abin da aji ba zai ba shi ba. Hanyar da ta dace ta fi tsawo, amma tana nan. Ka fara da sashenku a jami'a, ka tambaya ko suna da alaƙar musayar ɗalibai ko horon sanin makamar aiki da wata makaranta a waje, domin takardar gayyata daga makaranta zuwa makaranta tana da nauyin da wasiƙar mai gona ba ta da shi. Jamus tana da shirin shekarar sa-kai ta kula da muhalli da ake kira FÖJ, da kuma shirin weltwärts wanda ke karɓar matasa daga ƙasashe masu tasowa, sai dai dukansu na watanni 6 zuwa sama ne, sun fi dacewa da bayan kammala karatu. Amurka tana da bizar J-1 ta masu neman horo, Birtaniya kuma tana da bizar aikin gona na kaka ta tsawon wata 6, kuma kowaccensu sai ta hannun hukumar da gwamnati ta amince ta ɗauki nauyin mutum, wadda za ka iya ganin sunanta a shafin gwamnatin ƙasar. Ka kuma tuna cewa ƙasar waje ba Turai kaɗai ba ce. Akwai gonaki masu irin wannan noma a ƙasashen da fasfonka zai shiga ba tare da wahala ba, kuma yanayin ƙasarsu da ruwansu ya fi kusa da wanda za ka yi aiki da shi bayan karatu. Ko a can ma sai ka bincika dokar aiki.

Idan ka sami gonar da ta yi maka, ka rubuta wa ofishin jakadancin ƙasar da kanka, ka bayyana musu abin da za ka yi dalla-dalla, awa nawa a rana, na tsawon wane lokaci, da abin da za a ba ka, ka tambaye su wace biza ce ta dace, ka kuma adana amsarsu a rubuce. Ka yi magana da mai gonar ta bidiyo, ka ga ɗakin da za ka kwana, ku daidaita a kan ranakun hutu da abin da kake ci da wanda ba ka ci, ka karanta abin da waɗanda suka riga ka zuwa suka rubuta a kansa. Bizar Shengen tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma inshorar matafiya da yawa ba ta ɗaukar raunin da aka ji a wajen aikin ƙarfi, sai ka karanta sharuɗɗanta da kyau. Ka sabunta allurar rigakafin tetanus, domin za ka yi ta'ammali da kashin dabbobi da ƙarafa, kuma a Turai kaska tana yaɗa cutar Lyme a lokacin bazara, don haka kowane dare sai ka duba jikinka. Ka riƙe tikitin dawowa da kuɗin da zai fitar da kai daga gonar idan abin da ka tarar ya saɓa wa abin da aka faɗa maka.

Shi kuwa dillalin, ka ce ya ba ka sunan gonar da adireshinta, ya kuma rubuta maka da hannunsa cewa bizar yawon buɗe ido ta halatta maka wannan aiki, domin ka haɗa da takardarsa ka aika ofishin jakadanci. Ka yi masa wannan magana a gaban mahaifinka, domin shi ma ya ji amsar da kunnensa.