Tambarin Yajina Ya Dagule a Jikin Leda

Tambaya: Ina sana'ar yaji a Zariya. An zana mini tambari mai launi biyar, amma da aka buga shi a leda sai ya dagule, masu saye kuma ba sa riƙe sunan. Me zan gyara? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, launukan ne suka yi yawa. A bugun leda kowane launi da nasa zubin, idan ɗaya ya goce ko da kaɗan ne, sai rubutu ya yi inuwa, kuɗin bugu kuma ya ƙaru. Ki tsaya a kan biyu. Dubi MTN: ruwan ɗorawa kaɗai ya isa a gane rumfarsu daga nesa.

Kafin ki biya mai bugu, ki ƙanƙantar da tambarin ya koma kamar murfin kwalba, ki yi masa fotokwafi baƙi da fari. In sunan bai karantu ba, a cire kwalliya, a kaurara haruffa. Ki nemi mai zane ya ba ki ainihin fayil, irin su PDF ko SVG, domin hoton da aka turo ta WhatsApp yana farfashewa in an faɗaɗa shi.

Sannan ki daina canzawa. Leda, allon shago, hoton Facebook, duk su zama iri ɗaya.

Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare tambari. Wannan sai ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke Abuja. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa 14. Ki bar gurbin lambar NAFDAC a ledar.